Irin Hatsin Laraba

A ƙauyenmu na bakin dallol, babban kwarin nan da ya ratsa ƙasarmu, tafiyar hantsi ɗaya daga Filinge, akwai wani manomi ana ce masa Kailu. Bai tsufa sosai ba, amma furfura ta fara cin gemunsa. Mutum ne mai sanyin magana, in yana ba ka labari sai ka matso kusa kafin ka ji. Shi da matarsa Laraba kaɗai suka rage a gida, don ɗiyarsu guda tana aure can wajen Sanam.

A lokacin an ɗan jima da daina kama mutane zuwa aikin hanyar nasara, kowa ya samu sararin gonarsa. Sai ga sanƙarau ya shigo ƙasar Kurfai da bazara. Ya ɗauki yara, ya ɗauki manya, ya kuma kama Laraba. Kailu ya yi duk abin da mutum ke yi. Ya karɓo rubutu wurin Malam Manzo, limamin ƙauyen, ya yanka ɗan akuya sadaka, ya roƙi Allah har muryarsa ta dishe. Da ya ga wuyanta ya ƙi lanƙwasa sai ya aza ta bisa jaki zai kai ta wurin likita a Filinge. Suna hangen gidan kumandan, baturen mulkin Filinge, ta ce ya sauke ta ƙarƙashin wani gawo ta huta. A nan rai ya yi halinsa.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Kailu bai bar sallah ba. Yana zuwa masallaci kamar kullum, yana tsayawa inda ya saba, gefen hagu kusa da bango. Amma da liman ya sallame sai ya kakkaɓe goshi ya nemi takalmansa. Hannuwan nan da kowa ke ɗagawa bayan sallama, Kailu ya daina ɗaga nasa. Mutane sun gani, ba wanda ya tanka, sai wata rana bayan la'asar Malam Manzo ya riƙe shi a bakin masallaci.

"Kailu, na ga kana gaugawar tashi kwanan nan."

Kailu ya tsuguna, ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa. "Malam, ba ni da abin cewa. Ban ce Ubangiji bai ji ni ba, Allah shi gafarta mini. Amma yanzu in na sa goshi ƙasa, ƙasar kaɗai nika ji. Kamar ka yi sallama ƙofar gida, ka san da mutane ciki, amma ba wanda ya hito."

Malamin bai jawo masa aya ba, ko da yake yana da su. Ya ce, "Shekarar da na rasa babban ɗana, damana guda ina ba ku sallah, bakina na karatu, zuciyata tana can wani wuri. Ba wanda ya gane cikinku."

"To ƙaƙa ka yi, Malam?"

"Ban yi komi ba. Na ci gaba da zuwa. Kai ma ci gaba da zuwa."

Kailu ya yi godiya ya tafi gida, zuciyarsa na nan yadda take.

A cikin ɗakin Laraba, sama da murhu inda hayaƙi ke bi, akwai irin hatsinta a rataye. Duk kaka ita ke shiga gona kafin a yi girbi, ta zaɓi zangarniyoyi masu tsawo masu cika, ta ɗaure su da kaba ta rataye don kada ƙwari su taɓa. Irin na gidansu ne, uwarta ta zo da shi daga Imanan lokacin da aka kawo ta aure, kuma duk ƙauyen ba mai irinsa. Tuwonsa fari ne, furarsa ba ta saurin tsami. Kailu ya koma kwana a ɗakin. Da rana ma in zafi ya yi sai ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine yana duban ƙullin kabar nan, don shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya ɗaure.

Mai kawo masa abinci ita ce Habsa, taubashiyarsa. Ubanta da uwar Kailu ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa yarda ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune da ɗanta Issa da iyalinsa, tana yin daddawa. Gwiwarta ta dama na damunta, in tana tafe tun daga nesa ake jin sandarta da bakinta.

"Bawana, kana ciki?"

"Ba bawa a gidan ga. Wuce gaba."

"To hurar wa na ɗauko? Bari in ba karen Manzo, shi ko wutsiya ya kaɗa mini."

"Aje ta nan. Na san dai kin cika mata ruwa."

Ta shigo ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Tana kallonsa har ya sha rabi, sannan ta ɗaga kai sama ta dubi irin.

"Mutane sun hwara binne, Kailu. Gonarka ko shara ba a yi ba sai da Issa ya tahi ya yi."

"Na gode mishi. Bana ba ni shuka."

"Mi za ka ci?"

"Abin da ke rumbu ya ishe ni. Ciki ɗaya gare ni yanzu."

"Irin fa? Ka san in ya wuce damana bai shiga ƙasa ba, baɗi rabinshi ya mutu, baɗin waccan kuma sai dai a ba kaji."

Kailu ya ajiye ƙwaryar. "Habsa, wanda ya sa iri ƙasa roƙo ya yi, ko bai buɗa baki ba. Sai ya tashi kullum yana duban gabas kamar maraya. Ni na yi roƙona na gama. Ki bar mini shi inda ta bar shi."

Habsa ta miƙe da ƙyar. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, sandarta kaɗai ke magana.

Wanda ba manomi ba, bari in gaya masa yadda binne yake a wurinmu. Ana sa iri ne cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta can yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, hatsinsa na kore yayin da wasu ke neman sungumi. In kuwa ɗan yayyafi aka yi, iri ya ruɗu ya tsiro, rana ta biyo ta ƙone shi, to an yi asarar iri an yi asarar wahala. Shi ya sa mai hankali ba ya binne irinsa duka, yakan rage abin da zai koma da shi.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, Habsa ta zo da sassafe da wata karyayyar hauya. Ta ce maƙerin ƙauye ba ya da ƙarfe mai kyau, Issa kuma yana da aiki, sai dai bawanta ya kai mata kasuwa a gyara. Kailu ya yi ta gunaguni, amma ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi. Rabonsa da hanyar tun ranar da ya bi ta da Laraba. Da ya iso gawon nan sai ya sunkuyar da kai ya kora jakin. A kasuwa ya zauna rumfar maƙera har azahar, yana kallon Bugaje da raƙumansu, da masu kanwa, da motar Yamai ana ɗora mata buhuna. Wani Bazabarme da ya san shi ya zo ya riƙe hannunsa ya yi masa gaisuwar rashi da harshensu da namu.

Da la'asar ya iso gida. Ya ɗaure jaki, ya shiga ɗaki, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba. Babu komai a sama sai baƙin hayaƙi da igiyar da ke lilo.

Bai tambayi kowa ba. Ya nufi gidan Habsa da hauyar a hannunsa. Ya same ta zaune a inuwar rumbu, ƙafafunta sun yi furu-furu da ƙura har ƙwauri, tana shafa man shanu a gwiwa. Ga turmi can gefe da ƙaiƙayin sussuka.

"Ina irin Laraba?"

"Yana gonarka. Sannu da hanya. An gyara hauyar?"

"Habsa."

"Mun sussuke shi da hantsi. Issa da abokanshi sunka riƙe sungumi, ni da matan gidan ga munka bi baya. Kahin rana ta karkata mun gama."

"Duka?"

"Duka. Ko tsaba ban rage ba."

A al'adarmu, abin da taubashi ya ɗauka a gidanka ya ɗauku. Ko rigarka ce, ko zakaran da kake ji da shi, sai dai ka yi dariya ka jira ranar ramuwa. Wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ake yi wa dariya a gari. Kailu ya san wannan sarai, amma yau bai yi dariya ba.

"Wanga ba wasa ba ne. Kin shiga ɗakin matata kin kwance abin da ta ɗaure. Kuma wace irin manomiya ke binne iri duka? Ko yaro ya san a rage."

"In na rage, da ka sake rataye shi ka kwanta kana kallo har ƙwari su gama da shi, su gama da kai."

"Ba ke anka mutu wa ba."

Habsa ta daina shafa gwiwar. Ta dube shi, idanunta sun cika. "Ba ni anka mutu wa ba? Wa ke yi mini kitso tun ranar da anka kawo ta garin ga? Dubi kaina, Kailu, tun da ta rasu ban bari kowa ya taɓa shi ba. Kabar da ta ɗaure irin da ita ma ni na yanko mata a dallol." Ta sa hannu a gefen zaninta ta ciro ƙullin kabar, ba a kwance shi ba, zangarniyoyin kawai aka zare. Ta miƙa masa. "Ga abinka. Shi ba ya tsira, aje shi. Hatsin kuwa ba naka ba ne kai kaɗai."

Kailu ya karɓa ya sa a aljihu. Ya jingine mata hauyar a jikin rumbu, ya juya ya tafi ba sallama.

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba aka gan shi a gona. Ya ce ya je ne ya ga ɓarnar da aka yi masa. Layukan sun karkace, don samari ne suka yi saran suna hira. Amma duk ramin da ya duba an rufe shi da kyau, ga sawun diddige a kai, wani wuri kuma ga ramin sanda kusa da sawun, inda Habsa ta bi. Yana tsaye sai ga garken zabin daji sun sauko daga tudu suna tona. Ya kwashi hoge ya bi su da jifa har bakin sabara.

Daga ranar ya zama kullum yana gona. Ya kafa ƴar rumfa da karan bara, yana korar zabi da kurciyoyi. Habsa ta ci gaba da kawo fura, sai dai yanzu gona take kaiwa. Yakan karɓa ya sha, ba ya ce mata komai, ita kuma ta yi ta ba jakinsa labarin gari, wa ta haihu, wa ya dawo daga Kurmi da akwati. In ta gama ta ce wa jakin, "Ka gaida maigidanka in ya hwara magana."

Abin da ake tsoro shi ya faru. Wata rana da yamma hadari ya taso kamar da gaske, ya yi baƙi, ya yi iska, sannan ya zubo ɗan ruwan da bai wuce ya kwantar da ƙura ba. Kailu ya tona ƙasa da yatsa, laima ta isa wurin irin amma ba ta wuce shi ba. Bayan kwanaki kaɗan gonar ta fito da tsiro siriri kamar allura, kore shar, layi-layi a karkace. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya duba, ya girgiza kai ya yi gaba, don sama ta washe tas, rana kuma ta dawo da ƙarfinta.

Tsiron ya fara naɗe ganye. Da safe yakan ɗan miƙe, kafin azahar ya kwanta. Na bisa tudu ya fara ja. Kailu ya gwada ɗebo ruwa daga rijiya da jaki yana zuba wa gindi-gindi, amma gona ba lambu ba ce, kafin ya kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Ya kama kansa yana duban gabas sau da yawa a yini, abin da ya rantse ba zai ƙara ba. Da aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza da mata da yara, ya bi su ya tsaya can baya. Malam Manzo na addu'a jama'a na amsawa, shi hannuwansa na riƙe da gefen rigarsa. Ya so ya ɗaga, suka yi masa nauyi kamar an ɗaura musu dutsen niƙa.

Ran nan da la'asar yana gona shi kaɗai, ruwan butarsa ya ƙare. Ya yi taimama da rairayin gonar, ya yi sallah a gefen rumfa. Da ya sallame bai tashi ba. Dab da gwiwarsa akwai wani gindin hatsi, ganyensa ya naɗe kamar tsinke, amma tsakiyarsa na da sauran kore. Ya daɗe yana dubansa. Can sai ya fara magana, ba da Larabci ba, da irin muryar da yake yi wa maƙwabci magana ta kan danga.

"Ya Allah, Kai Ka ɗauki Laraba. Na ce ban ce komi ba, amma na ce, cikin cikina, kuma Ka ji. Har yau ban gane ba. Ban san ko zan gane ba." Ya tsaya ya share fuska da hannun riga. Hannuwan ba su koma ƙasa ba, suka tsaya a buɗe bisa gwiwoyinsa. "Amma wanga hatsi bai yi laihin komi ba. Tun daga Imanan anka ɗauko shi, mace ta ba mace, bai taɓa yankewa ba. Kada Ka bari shi ƙare a hannuna. Kuma tsohuwar can mai gwiwa, kada Ka kunyata ta cikin gari. Wauta ta yi, ba mugunta ba."

"Amin," in ji wata murya a bayansa. "Amma wace ce tsohuwar?"

Habsa ce, tsaye da ƙwarya a kai. Rairayi ya haɗiye ƙarar sandarta, bai ji isowarta ba. Kailu bai juyo ba sai da ya shafa.

"Ba da ke nika magana ba."

"Na sani. Shi ya sa na yi shiru har ka gama, abin da ban taɓa yi maka ba." Ta sauke ƙwaryar ta zauna a inuwar rumfa, tana goge ido da gefen mayafi tana cewa rairayi ne ya shiga. "Ka kai ƙarata wurin da ba ni iya musu. Wauta ko? To madalla, bawa ya hwara roƙa wa uwargijiyarshi."

"Ba ni hurar, kin cika surutu."

"Yau ban sa ruwa da yawa ba."

Ya sha ya ce ai ta cika ruwan. Suka zauna har rana ta yi sanyi, ta yi masa labarin yadda Laraba ta taɓa bin wani ɗan akuya da muciya har cikin masallaci, abin da bai taɓa ji ba. Ya yi dariya har ya ƙware, daga nan kuma ya yi kuka sosai, ita ko ta bar shi ya yi abinsa.

Ruwa bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Kailu ya ci gaba da roƙo duk da haka, wata rana ya ji kamar ana saurarensa, wata rana ya ji ƙasar nan kawai a goshinsa. Sai da aka kusan fid da rai sannan hadari ya taso da tsakar rana, ya zuba har dallol ya yi tafkuna. Shukar bisa tudu ta riga ta mutu, ba abin da ya tayar da ita. Amma ta gangare, wajen bishiyoyin kalgo inda ƙasa ke riƙe laima, ta miƙe ta yi duhu cikin ƴan kwanaki. Bai kai rabin gona ba, amma ya ishi iri har a ba maƙwabta.

Da hatsin ya fid da kai ya fara nuna, Kailu ya shiga gangaren da wuƙa zai zaɓi na iri, aikin da bai taɓa yi da kansa ba. Yana ta jujjuya zangarniyoyi bai san wacce zai yanka ba, sai ya ji sanda na tahowa tsakanin karare.

"Ba wannan ba, bawana, ba ka ga bakinta da rami ba? Matsa in nuna maka. Kuma ka sani, kason wadda ta shuka nika hwara cirewa."

"Kasonki na can bisa tudu," in ji Kailu, yana miƙa mata wuƙar. "Je ki kwashe duka."